Kak Ka Buga ma Gadon Uwakka Ƙusa

Bismillahi. Salamu alaikum mutanen Madawa kwata-kwata, manya da ƙanana, masu rawani da masu tsohuwah hula, mahwauta da masu albasa, matan bakin rijiya, kwamanda da gardinai in suna jin Hausa, hal jakkan kasuwa ban ɗebe ba. Kowa shi gyara zama, takardar Illa na Deule ta iso. Illa mai gatarin da ba shi kwana da yunwa. Illa wanda in ya yi atishawa Deule sai an amsa mai Buza. Illa da yat taɓa kada ɗan kokowa Babankatami da hannu guda, gudan kau shina riƙe da goro. Na gaishe ku, ku amsa a hankali. Tau ya isa, kowa shi koma ga aikinai, da ɗana nika magana.

Ibro, autana, ina kwananku, ina gajiyab baƙunci? Ƙaƙa Rabi da nauyin jiki? Allah shi raba lahiya, shi ba mu mai albarka. In namiji na shi ɗauko hancina, in mace ta Allah shi tsare ta da shi. Allah shi kiyaye ku da sharrin birni, da ruwan da ba ku saba ba, da abokin da ka dariya da haƙora ɗai.

Da hannuna nir rubuta wagga. Liman ya ce in kawo shi rubuta mini, nic ce a'a, maganac cikin ɗaka ta. In ka ga baƙi ya kwanta inda ya kamata shi tsaya, ka tashe shi da kanka, ka san ni da allo ba mu daɗe tare ba. Labarin gari kau ba ni ɓata mai tawada, ka tambayi Ada mai jakkai da yak kawo maka takardag ga, shi ko ba a tambaye shi ba shina badawa.

Shi Adan na yat tada mini hankali. Jiya da hantsi ina zamne gindin aduwa ina shan hura, yas sauko daga hanyam Madawa, ko kaya bai kwance ba yac ce:

"Illa, ɗanka na gaishe ka. Ya ce gadon ga da kab ba shi ya ishe shi."

Nic ce: "Gado ka isam mutum? Mi yay yi mai?"

Yac ce: "Kuka shika awa ɗan akuyad da anka raba da uwa. Sanduna na gudu, tsakiya ta lotsa, guda ma ta kariye Rabi na zamne bisa. Allah ya tsare, ba ta ji ciwo ba. Ya ce ya samu ƙusa wurin masassaƙan Nasara inda shika aiki, in an ba su hutu za shi bi sandunan ɗai-ɗai shi buge."

Ludayi yat tsaya mini ga baki. Nic ce: "Ƙusa?"

"Ƙusa, ta ƙarhe, awa yatsa."

Nic ce: "Ada, ba jakkanka ruwa, gobe kana komawa."

Yac ce: "Kai tsohon ga, yanzu nis sauka! Ko gidana ban leƙa ba."

Nic ce: "Gidanka na nan inda kab bar shi, matakka ma ta hi samun hutu in ba ka nan."

Mun yi ta yi hal nic ci shi da baki, ka san ba a kada ni. Shi ya sa kag gane shi ya komo da wuri. Tau ka aje guduma, ka zamna, ka karanta hal ƙarshe kahin ka taɓa gadon nan.

Ibro, gadon nan ba nau na ba, kuma ba naka na ba. Na uwakka na, Allah shi jiƙanta. Ranad da anka kawo ta daga Tabotaki, bisa takarkari anka ɗauko shi, a kwance, an yi dami da shi awa itacen wuta. Mu gidanmu gadon kara munka sani, wanda aka ɗaurewa tamau, in ya tsuhwa a ba wuta a yi wani. Su kau kakanninta sun yi zama ƙarƙashin Abzinawa, masu kwana nan yau gobe su tashi, can sunka koyo nasu gado. Ƙahwahu huɗu masu gwahwa, dogayen itace biyu su kwanta cikin gwahwannin, sanduna su gitta bisa, ƴan turaku ga kai da ga ƙahwa su tare su, a shimhiɗa asabari, a aza tabarma. Ba igiya, ba komi. Mata biyu sunka haɗa shi kahin in gama gaisawa da mutane.

Da niz zamna bisa nij ji sanda ta ɗan motsa ƙarƙashina. Nic ce a raina, wayyo, mutanen Tabotaki sun cuce ni, sun kawo mini gadon da ba a ƙare ba. Ni kau lokacin nan ba ni da na biyu ga ɗaurin darni da rumbu, in na ɗaure abu sai wuƙa. Nib bari hal tat tahi rijiya, nis samo ɗanyah hwatas sa wurin mahwauci, niy yanka ta siri-siri, nij jiƙa, nib bi sandunan nan ɗai-ɗai ina ja da haƙori ina take da ƙahwa. Da tak komo nit tare ta bakin ɗaka ina hura hanci.

Nic ce: "Shiga ki ga abin da maza ka yi."

Tash shiga, taɗ ɗaga tabarma, tad duba, tad duba. Amarya ta, ba ta iya yi mini magana da yawa. Abin da tac ce ɗai: "Ka shaƙe shi."

Nic ce: "Na gyara shi."

Tac ce: "To."

Wannan "to" ɗin nata, Ibro, na zamna da shi shekaru, ban taɓa jin ya hita banza ba.

Damina taw wuce, iska yab bushe, hwata taj ja jikinta. Gado yay yi tauri awa dutsi, ni kau ina ta kirarin kaina cikin samari. Sai ga tsohuwa, uwatta, ta taho daga Tabotaki ganin ɗaki. Ka san suruka, ba ni haɗa ido da ita, ba ni zama inda take. Nig gaishe ta daga bayan darni nik koma wajen rumbu ina gyaran kalme. Tsohuwan nan Allah ya yi ta da jiki, ba ka san ta ba, amma in tana tahiya ƙasa na sanin an taka ta. Anka ba ta hura cikin ƙwarya, tac ce bari ta zamna bisa gadon ɗiyatta. Ina can nij ji ƙara awa an sare gawo. Dogon itacen dama yat tsage tun daga kai hal ƙahwa, don sandunan ba su da wurin motsi, nauyin duk yat taru gare shi. Ƙwarya tay yi sama, tsohuwa tay yi ƙasa, kaji sunka ruga ɗaka shan hura.

Ba ni iya shiga, ba ni iya gudu. Nil laɓe bayan rumbu. Can nij ji muryatta, ba da ni taka magana ba, da bango taka:

"Ku hwaɗa ma mai gidan ga, wanda ban san sunanai ba, gadon ga ya ɗauki uwata, ya ɗauke ni, raƙumi ya kai shi inda shi ko da mahwalki bai zuwa. Bai taɓa kada kowa ba sai da yag gamu da gwani. Ku tambaye shi, shi in an ɗaure mai haƙarƙari da ɗanyah hwata shina lumhwashi?"

Uwakka na ciki tana dariya tana toshe baki da zane. Ni kau ina bayan rumbu ina ce ma kaina, ai ko hwaɗuwan nan ta gwada ƙarhin ɗaurina, ko igiya guda ba ta kwance ba. Ka duba dogon itacen dama, ka ga ya hi na hagu haske. Kawunka yas sassaƙo shi daga baya, shi na shaidata.

Tau ka ji. Itace ko an sare shi bai bar lumhwashi ba. Damina shi kumbura, rani shi tsuke. In mutum ya kwanta, sanda na son ta ɗan duƙa ta ɗan ja, ta ba ƴar'uwatta sauran nauyi. Ni hwata nis sa, mai ɗan tausai, ga abin da tay yi. Kai kau ƙarhe za ka sa ma itacen da yag girme ni. Bugu guda ka tsaga shi, kuma wannan tsaguwa ba kawun da ka gyara ta, kawunka ya bi uwakka. Ka bar musu wurin motsi kamar kaurin yatsa. Ko Rabi, in ta ce tana son zuwa gida ganin nata, kak ka cika ɗaure huska. Ni na gwada wannan ma, bai yi kyau ba.

Kukan da kac ce shina yi, shi ma na sha shi. Wata shekara gado yak kama kuka, ko juyi niy yi sai maƙwabta sun sani. Abokaina sunka sa ni gaba da ba'a bakin kasuwa, wai Illa ya aje mai goge cikin ɗaka. Nic ce bari in kashe bakinsu. Na ga ana sa ma guragun rijiya, itacen da igiyag guga ka bi bisa, mai su yi shiru, nib buɗe tandun man shanun uwakka, wanda taka ɓoyo don baƙi, nish shahe kan sandunan nan hal suna ƙyalli. Kuka yat tsaya cak. Nih hita ina gaya ma duk wanda nig gamu da shi. Rana ta biye nid dawo gona da azahar, nik kwanta ƙailula ba riga. Ibro, kiyashin Adar kwata an yi musu gayya. Hal na Keita ina jin sun taho. Nih hito tsakag gida ina tsalle ina marin kaina, uwakka na daka, ba ta ko aje taɓarya ba.

Tac ce: "Yau kuma wace rawa ta?"

Nic ce: "Taimake ni, cina suka!"

Tac ce: "Ba kai suka nema ba, man shanuna suka nema. Hwaɗa musu inda kak kai shi."

Ita tag gwada mini yadda aka yi. Ka ɗebe tabarma da asabari, ka bi sanduna ɗai-ɗai kana dannawa da tahin hannu, ka kasa kunne. Ba duka ka kuka ba, guda ta ko biyu, sauran ɗaukam murya suka. Wadda kaj ji ta yi, ka ɗaga ta, ka sa mata ƴat tsohuwah hwatar akuya mai laushi inda taka gogan dogon itace, ka maida. In ba ta bari ba ka juya ta, kai shi koma ƙahwa. Kuma kowace sanda tana da ɗan doro, doron shi dubi sama, kak ka kihe shi. Kai za ka danna, kak ka ce Rabi ta hau ta gwada, da cikin nan nata.

In ka ga gadon na rawa, kak ka kama gatari. Ka taɓa tambayata kana yaro don mi gadonmu yah hi na kowa gajarta, nic ce maka don kak ka hwaɗo ka ji ciwo. Wannan ma gaskiya ta, amma ba ita ɗai ba. Lokacin da munka tashi sabon ɗaki, gado yak kama rangaji. Nid duba nic ce ƙahwa guda ta hi tsawo, nir rage ta. Sai waccan tah hi. Nir rage waccan. Ina cikin bin su, gado na sauka, uwakka tas shigo da tulu bisa kai, tat tsaya tana kallona.

Tac ce: "In ka ƙare ka kira ni mu kwanta ƙasa gaba ɗai."

Tas sauke tulu, taɗ ɗauki ɗan dutsi mai hwaɗi, tat tura ƙarƙashin ƙahwa guda. Gado yat tsaya awa soja gaban kwamanda. Ashe daɓen na bai daidaita ba. Amma sarana, in ka duba, sumul shike, ko masassaƙan Nasaranku ba su hi haka.

Saboda haka kowace ƙahwa ka aza ta bisa dutsi, kak ta taɓa ƙasa. Shi ka hana rawa, shi ka hana gara hawa. Na san Madawa ba ku da dutsin kirki awa namu, na zaɓo maka huɗu bayan gari na sa ma Ada cikin mangala. Ya yi ta ƙunƙuni, wai tun da uwatai ta haihe shi bai ga wanda anka aika da duwatsu ba. Nic ce mai ai tsarabad Deule ke nan, abin da Allah yab ba mu da yawa. In ya ce maka sun ɓace hanya ƙarya shika, ka laluba mangala.

Yanzu wadda tak kariye. Kak ka ruga daji ka saro ɗanya ka sa. Ka tuna shekarad da hwara tac cinye hatsi? Kana ɗan yaro, kai kak karya guda da tsalle, kak koma kana kuka wai ita tac cije ka. Ni lokacin ina shirin bin maza kudu neman abin da za mu ci. Cikin gaugawa nis saro ɗanyen reshe, ganye na jikinai, nih here, nis sa, nic ce ma uwakka wannan sai jikoki. Da nik komo nit tarad da shi tana tura wuta da shi. Ya lanƙwashe awa baka, ƙwaro ya shige shi shina zubda gari, hal ya hwara taɓa na kusa da shi. Sandag geza aka nema ko ta dargaza, a sare ta da rani, a ɓare, a gasa ta sama-sama ga wuta, a aje inuwa a danne da dutsi hal ta manta da ta taɓa zama itace. Ina da irinta aje tun bara, Ada ya taho maka da ita.

Shekaran nan ta hwara, ban taɓa ba ka labari ba, gadon nan ya kusa barin gidanmu. Kahin in tahi kudu, rumbu ya koma sai ƙaiƙayi, wani baƙo mai raƙuma yag gane shi yac ce shina ba da hatsi. Ni nic ce an gama, kawo buhu. Uwakka tat tashi. Tash shiga ɗaka, taz zamna tsakiyag gado, taj jawo ka ta aza bisa cinya. Baƙo na bakin ƙohwa, ni ina ce mata taso.

Tac ce: "Shi ɗauka da mu bisa."

Nic ce: "Ke, yunwa za ta kashe mu kan itace?"

Tat tuɓe mundayenta na hannu biyu, waɗanda tun tana budurwa ba ta raba su da jikinta ba, tam miƙo mini. Tac ce: "Kai mai waɗanga. Su ado na. Wanga kau nan anka haihe ni, nan nih haihi ɗiyanka."

Hal tab bar duniya hannuwanta wayam suke. Na sha cewa in na samu sarari ina maida mata, ka san ni da alkawali, baki na gaba samu na baya. In ka ɗaga guduma bisa gadon nan ka tuna da hannuwan nan.

Ga kuma abin da ba ka yi tunani ba. Birni ba a raba shi da kuɗin cizo. Ranad da sunka shiga gadon da anka buga ma ƙusa, sun samu gidan gado, sai dai ku tashi ku bar musu. Wanga kau in rana ta take, ku kwance shi, ku baza sanduna bisa rairai mai zahi, ku bubbuge, kahin la'asar ku maida. Uwakka kowace juma'ar rani haka taka yi. Ina ganinta yanzu, ta ɗaure zane ga ƙirji, tana jera su tana waƙa ƙasa-ƙasa, kai kana bi kana hawan guda wai dokinka. Ni ina gindin aduwa ina ba da umurni. Aikin ga ba shi yiwuwa ba mai ba da umurni.

Saura gudun sanduna da lotsawat tsakiya. Nan kam ka bar zargin gado. Lahiyatai lau yab bar Deule, illa abu guda. Sandunan nan in sun cika, kowace na jingine da ƴar'uwatta tsakanin turaku, ba mai zuwa ko'ina. In guda ta ɓace, sauran su samu hili su yi ta yawo, tsakiya ta buɗe, wadda tar rage nan ta ɗauki nauyin biyu hal ta kariye. Naka guda ta ɓace. Tana hannuna. Da ita nika zuwa masallaci.

Ka san ta. Ta wajen ƙahwa, mai ɗan ƙulli ga kai. Ita uwakka ka zarowa ta kori awaki, ta kakkaɓo aduwa, ita taka nuna mini in na daɗe wurin hira. Da ciwo yak kama ta, ƙahwahu sunka ƙi, da ita taka dogarawa ta hito bakin ɗaka ta sha hantsi. In ta koma ciki ta maida ta wurinta, ta ce kak a bar gado da giɓi. Inda taka riƙo ya yi sulɓi, ya yi baƙi, hal wurin babban yatsanta ana gani.

Ranad da za ku tashi, kana can kana ɗaure tukwanen Rabi, ni nik kwance maka gadon. Na sa duka cikin dami, nij ja igiya, sai hannuna yaz zaro ta da kainai. Nic ce, sanduna da yawa haka, wa za shi lura da guda? Kai ba ka lura ba, Rabi ba ta lura ba, Ada da yaɗ ɗauko ku bai lura ba. Gadon ɗai yal lura. Ka ga ko nan dubarata ta ci mutum uku.

Da Ada yac ce ta kariye Rabi na bisa, hura ba ta koma shiga mini ba. Na zamna da sandan nan bisa gwiwa hal inuwa taj juya. Sai nij ji awa an ce "to" bayana. Ka san ko wane "to".

Ga ta nan na ba Ada, na naɗe ta cikin tsohon rawanina don kak ta goge ga duwatsu. Ka maida ta wajen ƙahwa, ƙullin shi dubi bango. Sabuwak kau ka sa ta tsakiya, ta hi ƙarhi. Ka jera su duka, ka bar musu kaurin yatsa, ka aza asabari, ka kwanta kai ɗai tukuna ka yi juyi ka ji. In ya yi kuka ka san abin yi. In bai yi ba ka ce Illa na Deule ya gyara gado daga nesa, ko ganinai bai yi ba, ka hwaɗa ma Nasaranku su rubuta. Ƙusoshin kau ka maida musu abinsu, ko ka buga ga bango ka rataya hula.

Ina son jikana shi sauka inda kas sauka. In Rabi ta tashi korak kaji, ka gwada mata wadda aka zarowa, ka ce ta maida in ta ƙare.

Kak ka damu da ni. Tun da kunka tahi tabarma nika shimhiɗawa ƙasa, kuma ban taɓa jin daɗin kwana awa yanzu ba, ba kuka, ba rawa, ba inda za ni hwaɗa. Tashi ɗai ka ɗan ba ni aiki da sahe, shi ma don ƙasad Deule na son jikina na, ba ta son saki.

Allah shi tsare ka ga aikinka, shi tsare hannunka da ƙarhen Nasara. Allah shi sauki Rabi lahiya, shi ba ku zama da maƙwabta na gari. Allah shi kai Ada da jakkainai lahiya, shi rage mai surutu. Allah shi jiƙan mai gado, shi sa tana inda ba gara ba kiyashi. Ka riƙe salla, ka gaida duk wanda yag girme ka ko ba ka san shi ba. Mutanen Madawa, na sallame ku, kuna iya watsewa.

Ni na ubanka, Illa na Deule.

Af, tsaya. Ka aiko mini da goro. Na san ya yi wuya tun da yaƙin ga na Nasara yat tsuke hanyak kudu, amma kai ɗan birni na yanzu, ko ɓari biyu ka nema, kuma ka ƙulle shi da kyau, Ada na da hanci. In da taba ma ba ni ƙi.

Kuma karyayyan nan, kak Rabi ta sa ta wuta. Ita ma bayan uwakka ya kwanta bisa. Ka ba Ada guntayen duka biyu shi taho mini da su. Ina da sauran ɗanyah hwata, ka san ɗaurina, sai wuƙa. Ta yi gajarta ga gado, amma ni ma na rage tsawo, tana kai ni masallaci. Ka aiko ta da jakkan hwarko, Ibro, bango nika dahwawa.